Yaya zan koyar da kalmar “that” ga ɗalibai masu jin Sinanci?

Mai Koyarwa Daga Nesa ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Kusan shekara biyu ke nan ina koyar da Turanci ta intanet, kuma galibin ɗalibaina manya ne 'yan ƙasar Sin waɗanda suka tashi da harshen Mandarin, sai kaɗan daga kudancin ƙasar masu jin harshen Kanton. Mutane ne masu himma ƙwarai, kuma da yawansu sun haddace dokokin nahawun Turanci tun suna sakandare, amma akwai kalma ɗaya mai harafi huɗu da take ba mu wahala kusan a kowane darasi, wato “that”.

Da na fara, na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na tambayi wata ɗaliba yadda ake cewa wannan da wancan a harshensu, ta ce zhè da nà, sai na yanke cewa “this” ita ce zhè, “that” kuma ita ce nà. Ba a jima ba na gane cewa wannan daidaitawar ba ta kai mu ko'ina ba. Ɗalibin da ya san sarai cewa jam'in kalmar shi ne “those” zai rubuto mini “that three books”. Wani idan na kawo shawara a aji sai ya amsa da “This is a good idea”, wadda ba za a kira ta kuskure kai tsaye ba, amma kunnen mai jin Turanci wata kalmar yake jira a wurin. Wata ɗaliba ta rubuta “There are many people like football”, ta bar gurbin kalmar babu komai, alhali abokin karatunta ya cusa ta inda ba ta da wurin zama, ya rubuta “Shanghai, that is a big city, has many bridges”.

Abin da nake nema a wurinku shi ne a taimaka mini da tsarin da zan bi. Shin in koyar da ita a matsayin kalma ɗaya mai ma'anoni da yawa, ko in rarraba ta? Kuma me yake cikin harshensu da yake haifar da waɗannan kura-kurai? Ina so in fahimci tushen abin, domin jan layi da jan biro a ƙarƙashin kuskure bai hana shi dawowa a mako mai zuwa ba.

Malamar Nahawu ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Shawarata ita ce ka rarraba ta, kuma ka gaya wa ɗalibanka tun ranar farko cewa nà ba ta ɗauke nauyin “that” ba sai a aiki guda, wato lokacin da take nunau, kalmar da ke nuna abu irin su wannan da wancan. Zan tsaya a kan wannan aikin, domin ko shi kaɗai yana da ramuka da dama.

Batun “that three books” yana da tushe bayyananne. A Mandarin ba a cika haɗa nunau da suna kai tsaye ba, sai an sa wata kalmar ƙidaya a tsakani, wadda take canzawa gwargwadon irin abin da ake magana a kai. Wancan littafin shi ne nà běn shū, wancan mutumin kuma nà ge rén. Idan littattafan suna da yawa ba tare da an faɗi adadinsu ba, sai a ce nàxiē shū, kuma wannan nàxiē ɗin ce ɗalibai suka haddace a matsayin “those”. Amma da zarar an ambaci adadi, xiē tana faɗuwa, a koma nà sān běn shū, wato waɗancan littattafai uku. Ka ga ke nan ɗalibinka bai manta da darasi ba. Ya duba jumlar a zuciyarsa, ya ga nà tsurarta, ya fassara ta da gaskiya. Maganin shi ne ka nuna masa cewa a Turanci nunau sunan da ke gaba yake kallo: in sunan jam'i ne, to “those” ce, ko an faɗi adadi ko ba a faɗa ba. Ka ƙara masa da cewa sunayen da ba a ƙirgawa, irin su “water” da “information”, tilo ake ɗaukarsu, saboda haka “that information” ake cewa komai yawan bayanin.

Wurin da na fi so ka ɓata lokaci a kai shi ne “This is a good idea”, domin nan ne ake gane cewa nisa da kusa a harshe ba da taku ake auna su ba. Basine idan aka kawo masa shawara yakan ce zhè shì ge hǎo zhǔyi, da nunau na kusa, domin maganar yanzu aka yi ta, tana nan da ɗuminta a tsakaninsu. Bature kuwa yana kallon maganar a matsayin abin da ya fito daga bakin wani kuma ya riga ya kammala, sai ya ce “That's a good idea”, “That's right”, “That's true”, “I didn't know that”. Mu ma masu jin Hausa ya kamata mu ji tausayin ɗaliban a nan, domin “wannan gaskiya ne” muke cewa, babu mai cewa “wancan gaskiya ne” ga mutumin da ke gabansa. Bambancin kawai shi ne mu muna da karin sauti da yake raba wannan ta abin da ke hannuna da wannan ta abin da ke wurinka ko abin da aka riga aka ambata, ko da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi. Aikin wannan ta biyun ne “that” take yi a irin waɗannan jumloli.

Dokar da nake ba ɗalibai ita ce: abin da abokin magana ya faɗa, a mayar masa da “that”, abin da ba a kai ga faɗa ba tukuna, a gabatar da shi da “this”, kamar “Listen to this”. Abin da mai magana ya faɗa da kansa kuma yake ci gaba da bayani a kai, duka biyun suna iya shiga, shi ya sa “This is why” da “That is why” duk daidai ne. Ba na son a koya wa ɗalibi cewa ɗaya daga cikinsu haramun ce, domin zai ci karo da ita a littafi ya daina yarda da malaminsa.

Akwai kuma maganar waya, wadda gajeriya ce. Basine yana gabatar da kansa da wǒ shì, wato ni ne wane, sai ya ce “I am” a Turanci, alhali “This is” ake cewa. Wajen tambayar wanda ke ɗaya ɓangaren, mutanen Ingila sukan ce “Who is that?”, na Amurka kuma “Who is this?”.

Abu biyu suka rage a wannan fanni. Na farko shi ne “that” da take tsayawa a madadin sunan da aka riga aka faɗa wajen kwatanci, kamar “The population of Beijing is larger than that of Tianjin”. A Mandarin ana iya cewa yawan mutanen Bejin ya fi Tianjin, kowa ya gane, shi ya sa ɗalibai suke barin “that of”, jumlar ta koma tana gwada yawan jama'a da gari. Na biyu yana da daɗin koyarwa, domin harsunan biyu sun yi daidai a kansa: “It is not that expensive” ita ce méi nàme guì, wato tsadarsa ba ta kai haka ba. A nan “that” bayanau ce mai nuna gwargwado. Sai dai ka gargaɗe su cewa nà da ake buɗe jumla da ita, kamar nà wǒmen zǒu ba, ma'anarta “to, mu tafi”, kuma “then” ko “so” ce takwararta a Turanci.

Tsohon Ɗalibi A Sin ya amsa:

Allah ya saka wa Malama da alheri, ta gama da nunau. Ni na yi karatu a ƙasar Sin na wasu shekaru, na kuma zauna da abokai masu shirin jarrabawar Turanci, saboda haka zan yi magana a kan sauran kura-kuran biyu, waɗanda a ganina su ne suka fi nauyi.

Malam, ka ɗauki wannan jumlar ka rubuta wa ɗalibanka: wǒ zuótiān mǎi de nà běn shū. In aka bi ta kalma bayan kalma, cewa take yi “ni jiya saya de wancan littafi”, ma'anarta kuwa littafin da na saya jiya, wato “the book that I bought yesterday”. Ka tambaye su wace kalmar Sinanci ce ta zama “that” a nan. Da yawa za su nuna nà, kuma ba ita ba ce. Kalmar da ta yi aikin “that” ita ce de, ƙaramar kalmar da ke ɗaure bayani da suna. Ita kuwa nà a wannan wuri aikin “the” ta yi, domin Mandarin ba shi da kalma ta musamman irin “the”, sai ya riƙa aron nunau idan yana so ya fayyace abu. Ranar da wani abokina ya ga wannan, ya ce mini shekara da shekaru yana kallon jumlar a juye bai sani ba. Juyin kuwa na gaske ne: a Mandarin duk bayanin da ke siffanta suna gabansa yake zuwa komai tsawonsa, a Turanci kuma irin wannan bayanin mai “that” bayansa yake bi, kamar yadda Hausa take yi da “da” a cikin “littafin da na saya”. Wannan bambancin ya isa ya sa ɗalibi ya riƙa kauce wa irin wannan ginin gaba ɗaya. Wata masaniyar harshe, Jacquelyn Schachter, ta nuna haka a 1974, inda ta lura cewa ɗalibai Sinawa da Japanawa ba su cika yin kuskure a irin wannan gangar (wato ɓangaren jumla mai ɗauke da nasa aikatau) ba saboda ba su cika rubuta ta ba tun farko. Don haka idan ka ga rubutun ɗalibi tsaf babu kuskure, ka ƙirga sau nawa ya gwada kafin ka yaba.

“There are many people like football” daga yǒu hěn duō rén xǐhuān zúqiú ta fito, inda aikatau biyu suke bin juna ba tare da wani mahaɗi ba, kuma daidai ne a harshensu. Turanci ba ya yarda, sai an ce “people that like football” ko “people who like football”. Ɗalibai suna ruɗewa ne saboda an gaya musu ana iya barin “that”, ba a gaya musu yaushe ba. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a duba abin da ya biyo bayanta. Idan suna ne ko wakilin suna, kamar “the book that I bought”, ana iya cire ta a ce “the book I bought”. Idan aikatau ne ya biyo kai tsaye, to ita ce aikau na gangar, kuma ba ta ciruwa.

Jumlar Shanghai kuwa laifinta waƙafi ne. Bayanin da yake tantance wane abu ake nufi daga cikin irinsa, shi ne yake karɓar “that”, kuma ba a sa masa waƙafi. Bayanin da ƙari ne kawai a kan abin da aka riga aka sani, kamar sunan gari, ana killace shi da waƙafi kuma “which” ko “who” yake ɗauka. Haka nan “that” ba ta zama bayan ƙananan kalmomi irin su “in” da “with” a wannan aikin: “the house in which I live” ko “the house that I live in”, amma ba “the house in that I live” ba.

Wata shawara ita ce ka koyi sunayen da suka san waɗannan abubuwa da su a makaranta, domin da su aka shirya su don jarrabawar gaokao ta shiga jami'a. Gangar da ke siffanta suna suna kiranta dìngyǔ cóngjù. Gangar da ke zama karɓau bayan aikatau, kamar “I know that he came”, ita ce bīnyǔ cóngjù, kuma a nan “that” daidai take da “cewa” tamu, alhali Mandarin ba ya buƙatar komai a wurin, wǒ zhīdào tā lái le kawai ake cewa. Ta ukun ita ce tóngwèiyǔ cóngjù, irin “the news that he won”, inda gangar take bayyana abin da labarin ya ƙunsa. Ka ambaci ɗaya daga cikin sunayen nan a aji ka ga yadda fuskokinsu za su saki. Ilimin yana nan a kansu, abin da ya rage shi ne ya sauko baki.

Mai Koyarwa Daga Nesa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Malama, na gode ɗan'uwa. Misalin de da nà ya buɗe mini ido, kuma da shi zan fara darasin gobe in Allah ya yarda. Tambaya ɗaya ta rage mini. Wani ɗalibina da ke aiki da wani kamfani na Amurka ya ce an gyara masa “the report which I sent” aka mayar da ita “the report that I sent”, alhali littafinsa na makaranta ya ce duka biyun daidai ne. Wanne zan tsayar masa a kai?

Mai Nazarin Furuci ya amsa:

Malam, littafinsa bai yi ƙarya ba, wanda ya gyara masa ma bai yi ɓarna ba. A nahawu duka biyun daidai ne. Fifita “that” a gangar da ke tantancewa, a bar “which” ga wadda ke bayan waƙafi, shawara ce ta salon rubutu wadda H. W. Fowler ya yi fice da ita a littafinsa na amfani da Turanci na 1926, kuma editocin Amurka sun riƙe ta da ƙarfi fiye da na Ingila. Tunda da Amurkawa yake aiki, ya bi tasu a ofis, amma kada ya ɗauka marubucin Ingila da ya sa “which” ya yi kuskure.

Ina da ɗan saɓani da tsarin da aka kawo a sama, ko da yake na yarda da duk abin da aka faɗa. A ganina kafin a shiga sunayen ganguna, kunne ya kamata a fara horarwa, domin Turanci da kansa ya raba kalmar gida biyu a furuci. Idan nunau ce, ana furta ta cikakkiya da wasali buɗaɗɗe, kuma tana iya ɗaukar nauyin murya. Idan mahaɗi ce ko mai ɗaure ganga, wasalinta yana raunana har ya kusa ɓacewa, kuma ana wuce ta da sauri. Ka karanta musu “I know that that book is yours” su saurara: ta farko a raunane take, ta biyu a cike. Wannan yana da muhimmanci ga masu jin Mandarin musamman, domin sun saba ba yawancin gaɓoɓi cikakken nauyi da karin sautinsu, sai su furta kowace “that” da ƙarfi, mai sauraro ya yi ta neman abin da ake nuna masa. Amma suna da abin da za a kafa musu misali da shi, domin ita kanta de ba ta da cikakken karin sauti, a raunane ake faɗarta. Ka ce musu “that” mai aikin de a furta ta da sauƙin de, mai aikin nà kuma a ba ta ƙarfin nà.

Baƙin farko na kalmar, wanda ake sa harshe a tsakanin haƙora, babu shi a Mandarin ko a harshen Kanton, shi ya sa ake jin “z” ko “d” a madadinsa, kamar yadda da yawa daga cikinmu masu jin Hausa muke mayar da shi “z”. Baƙin ƙarshe ma yana da tasa matsalar, domin gaɓar Mandarin ba ta ƙarewa da “t”, sai ɗalibi ya ƙara wasali a bayansa ko ya yar da shi. Masu jin harshen Kanton sun fi samun sauƙi a nan saboda gaɓoɓinsu suna iya ƙarewa da “p”, “t” da “k”.

Idan wani ɗalibi ya tambaye ka dalilin da ya sa kalma ɗaya ta tara ayyuka haka, tarihi yana da amsa. A tsohon Turanci na fiye da shekara 1000 da suka wuce, nunau yana da siga uku gwargwadon jinsin suna, se da seo da þæt, kuma daga wannan gidan ne “the” da “that” duka suka fito, abin da ya sa ba mamaki nà ta riƙa yin aikin “the” a wani wuri. Aikin mahaɗi daga nunau ɗin ya tsiro, kamar mutum ya ce “na san wannan: ya zo”, har kalmar ta manne wa gangar da ke binta. Jamusanci yana da irin wannan tagwaye, sai dai shi ya raba su a rubutu, das ga nunau, dass ga mahaɗi.

Malamar Nahawu ta ƙara da cewa:

Na karɓi gyaran Mai Nazarin Furuci game da fara horar da kunne, kuma zan gwada shi da nawa ɗaliban. Abu ɗaya nake so in ƙara saboda masu matakin gaba, domin an ce ana iya barin “that” ta mahaɗi, sai su ɗauka ko'ina haka ne. Idan gangar ce ta buɗe jumla, kamar “That he came late surprised us”, ba ta ciruwa, haka kuma an fi son a bar ta bayan sunaye irin su “fact” da “news”. Akwai kuma wurin da dole ne a cire ta, wato idan ana tambaya a kan aikau na gangar ciki: “Who do you think came?” ake cewa, sa “that” kafin “came” yana ɓata jumlar.

Ginin “It was yesterday that he came” kuwa kada ka tsaya dogon bayani a kansa, Malam. Ka rubuta tā shì zuótiān lái de a ƙarƙashinsa, ka nuna musu cewa abin da shì take gabatarwa shi ne abin da ke zama tsakanin “It was” da “that”, sa'an nan ka ba su jumloli biyar su sauya lokaci da wuri da mai aikin da kansu.